Buhu Talatin da Ɗaya da Kujerar Maharazu

Maharazu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa a nan ina da izininsa tun ranar da aka haife mu. In ya ji haushi ya zo ya same ni, ya san gidan.

A garinmu Tsallaken Gawo, can bayan Baure, kowa Kyaftin yake ce masa. Yana ɗan shekara goma sha tara ya bi motar shanu zuwa kudu. Shanun suka ƙare a mahauta, shi kuma ya ƙare a bakin teku, a wani kamfani da ke ƙera ƙananan jiragen sintiri irin na sojojin ruwa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a can. In ya zo hutun Sallah sai a kewaye shi ana tambayarsa labarin teku, shi kuwa ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ruwa ne dai, sai yawa." Mu da ruwa mafi zurfi da muka taɓa leƙawa shi ne rijiyar Kusugu, ranar da aka kai mu Daura muna 'yan firamare, wannan gajeriyar amsa ƙara masa kwarjini take yi a idonmu.

Ni kaɗai na san gaskiya, domin shi ya gaya mini da bakinsa wata rana a gona muna ɓarar gyaɗa. Maharazu bai taɓa shiga teku ba. Walda ya fara yi, a kan tudu, ƙarƙashin rumfar kwano. Da suka ga yana da kai da haƙuri sai suka mai da shi ofishin da ake karanta takardun buƙatu, wato takardun da masu ba da aikin jirgi ke rubuta yadda suke son jirginsu ya kasance. Ya ce akwai wadda kaurinta ya kai na bulo. A ciki an faɗi tsawon ƙugiyar rataye hula, an faɗi tazarar da za ta kasance tsakaninta da madubi, an faɗi irin ƙarar da ƙofar banɗaki za ta yi in an rufe ta. Aikinsa shi ne ya ɗauki jan biro ya bi layi-layi yana fitar da nauyin kowane abu, sannan ya je ya lallaɓi manya su rage, tun kafin su rubuta wa kansu jirgin da ba zai tashi a kan ruwa ba. In an gama ƙira aka tura jirgi ruwa, wasu ne ke hawa su tafi gwaji, shi yana tsaye a gaɓa da fayil a hammata. Sau ɗaya aka ce ya zo ya hau, ranar kuma sabuwar takarda ta iso aka ce ya koma ofis.

Da ya yi ritaya ya dawo gida da abu uku: tef ɗin awo, sikeli mai ƙugiya, da kujera. Kujerar ta ƙarfe ce, mai juyawa, mai hannuwa, da baƙar fata a jingina. Ta matuƙin wani tsohon jirgi ce da aka yanka aka sayar da ƙarafansa, abokan aikinsa suka ba shi kyautar sallama. Ƙarti biyu ne suka sauke ta daga mota suna nishi. Ya ajiye ta a zaure, duk Juma'a ya goge ta ya ɗiga mata mai, amma ba ya barin kowa ya zauna, shi ma kansa a tabarma yake zama a gefenta. Na taɓa tsokanarsa na ce ko aljanin teku ne ya biyo shi yake zama a kai. Ya dube ni, babu alamar wasa a fuskarsa, ya ce, "Ba kujerar ƙasa ba ce, Jafaru. Ranar da zan zauna a kanta, da ruwa a ƙarƙashinta."

Na yi dariya har na ƙware, don a lokacin ruwan da ke kusa da mu duka bai wuce na randa ba. Amma da na koma gida sai maganar ta tsaya mini a rai. Mutum ya ƙera wa mutane jirgi shekara talatin, bai taɓa jin yadda ruwa ke ɗaga shi ba. Wallahi tausayinsa na ji, ko da yake ban gaya masa ba, don taubashi ba ya faɗin irin wannan.

Sai ga shi ruwa ya biyo shi har gida. Aka yi madatsar ruwa a kwarin da ke tsakaninmu da titi. Alheri ne, mun samu kifi, mun samu noman rani. Amma daga tsakiyar damina zuwa kaka ruwan yakan bazu ya raba mu da duniya kusan wata huɗu. Kwale-kwale ɗaya ne a garin, na Mahdi masunci, mutum biyar yake ɗauka, biyu daga cikinsu kuma aikinsu kwashe ruwa da ƙoƙo. Wanda ya ƙi wannan sai ya zagaya, tafiyar rabin yini a amalanke. Da abin ya ishe mu, 'yan garinmu mazauna birni suka haɗa kai suka aiko da falankan ƙarfe, aka samo inji ta Kongolam da ke bakin iyakar Nijar, aka kafa kwamiti. Alhaji Ɗantsoho dillalin shanu shi ne shugaba, Malam Zakiyyu limaminmu mataimaki, ni kuma sakatare, saboda ni tsohon malamin makaranta ne kuma rubutuna yana karantuwa. Maƙeri kuwa ba sai an yi shawara ba.

Maharazu ya auna ƙarfen da tef ɗinsa, ya zana wani abu a ƙasa da tsinke, ya ce, "Mutum ashirin da huɗu. Ya tashi a kan ruwa, ya kai su, ya dawo. Buƙata uku ke nan, kuma sun isa."

Alhaji Ɗantsoho ya gyara zaman hularsa ya ce, "Kyaftin, ba a yi wa gari abu ba a tambayi gari ba. Malam Jafaru, ɗauki littafi ka bi gida-gida, kowa ya faɗi yadda yake son jirginsa."

Na ga Maharazu ya runtse ido kamar wanda haƙori ya motsa wa. 

Wanda ba ɗan garinmu ba ba zai gane irin ramin da muka haƙa wa kanmu a ranar ba. A wurinmu in babba ya faɗi magana aka rubuta, to ta zauna, goge ta daidai yake da ka tsaya a gaban jama'a ka ce masa bai san abin da yake yi ba. Sannan in aka zo har gida aka tambayi mutum ra'ayinsa ya ce ba shi da shi, ya zubar da kansa ke nan, gobe a majalisa za a ce ai wane ko baki ba shi da shi. Don haka duk gidan da na shiga sai maigida ya fara tambayata, "Maƙwabcina guda nawa ya faɗa?" In na ce uku, sai ya ƙura wa rufin ɗaki ido har sai ya haƙo huɗu.

Alhaji Ɗantsoho shi ya buɗe littafin. Yana son wurin bijimai biyu a tsakiyar jirgi, da shingen ƙarfe, kuma ya sa na bi shi turke muka auna faɗin ƙahon babban sansa da igiya don kada a yi kuskure. Malam Zakiyyu yana son katangar katako tsakanin maza da mata wadda ta fi tsawon mutum, da marataya butoci shida, da ɗan dandamalin salla wanda zai riƙa juyawa ya fuskanci alƙibla duk inda jirgi ya karkata. Na ce, "Allah gafarta Malam, tafiyar fa minti goma sha biyu ce." Ya ce, "Rubuta dai." Masu fura suna son kanta mai ramuka daidai gindin ƙwarya, kuma kowace ta kawo ƙwaryarta a auna, don ba girmansu ɗaya ba. Matasa suna son wurin cajin waya goma da lasifika da batir ɗin mota. Maigari yana son wuri mai ɗan tudu da kafet, mai matakala biyu, ta farko ta fi ta biyu faɗi. Wani dattijo ya ce a yi keji na kaji, maƙwabcinsa ya ce in za a yi na kaji to a yi na zabi daban, don zabinsa ba sa shiri da kajin wancan. Fenti kuwa sai da aka yi zama biyu a kansa, aka tsaya a kan kore, amma ba koren ganyen dawa ba, koren da ya ɗan fi shi duhu.

Ni ma ban tsira ba, kuma ba zan ɓoye ba. Da na ga kowa ya sa nasa, sai na ji ba daidai ba ne sakatare guda ya tashi a tutar babu. Na rubuta akwatin ƙarfe mai kwaɗo na ajiye littafin kwamiti, da ɗan tebur mai naɗewa da zan riƙa ɗora shi in rubutu ya kama a tsakiyar ruwa. Me zan rubuta a tsakiyar ruwa? Har yau ban sani ba.

Buƙata ɗari da goma sha huɗu na kai wa Maharazu. Na zaci zai jefe ni da littafin. Sai ya zauna a tabarmarsa, ya ciro jan biro, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rubuta wasu 'yan lambobi a gefe. Da ya gama ya ce, "To." Washegari Alhaji ya tare shi ya ce, "Kyaftin, shingen nan zai yiwu?" Ya ce, "Alhaji, ai ƙarfe ba ya musu." Malam Zakiyyu ya tambaye shi dandamali mai juyawa, ya ce, "Allah gafarta Malam, an yi abin da ya fi wannan." Duk wanda ya zo, to. Raina ya ɓaci. Na same shi a rumfar walda na ce, "Kai, shekara talatin kana hana sojoji masu igiya a kafaɗa son ransu, ka zo gida dillalin shanu ya fi ƙarfinka?"

Ya ɗaga gilashin walda ya ce, "A can ma ban taɓa ce wa kowa a'a ba. Wanda ya ce a'a shi ake kora. Samo mini buhunan taki, wofi, kamar arba'in."

Wata biyu ya yi yana aiki. Ya ƙera gangar jirgin da bencina huɗu da mazaunin inji, bai sa ko ɗaya daga cikin abin da ke littafi ba, ya ce sai an yi gwajin ruwa tukuna. A gefen jirgin ya ja jan layi da fenti daga gaba har baya. A can baya kuma akwai wani abu da ya lulluɓe da tsohon bargo ya ɗaure da igiya, kowa ya ɗauka kayan inji ne. Buhunan nan ya cika su da yashi, ya rataya kowane a sikelinsa har ya kai nauyin babban mutum ɗaya, ya rubuta suna a jiki. Buƙatunmu ɗari da goma sha huɗu suka tashi buhu talatin da ɗaya.

Ana saura kwana uku gwaji sai na ga Maharazu yana yawo gida-gida da ƙullin goro, yana gayyatar tsofaffi. Ya ce musu an zaɓe su ne su fara hawa don su sa wa jirgi albarka. Na yaba masa a raina, na ce ashe kudu ba ta cinye masa ladabi ba. Ban lura da irin tsofaffin da yake zaɓa ba.

Ranar gwaji da hantsi aka ja jirgin a kan amalanke zuwa gurbin ruwan da rani ya rage a gindin madatsa. Gari duka ya fito. Aka tura shi ruwa, ya tashi, mata suka rangaɗa guɗa. Aka riƙo tsofaffin nan ɗaya-ɗaya aka zaunar, har ashirin da huɗu, ruwa ya hau ya tsaya daf da jan layi. Maharazu ya naɗe wando ya shiga ruwa har ƙugu, ya tsaya a gefen jirgin, ya sa yatsa a kan layin.

Ya ce, "Jama'a, kun ga layin nan. In ruwa ya wuce shi, sai dai a yi mana addu'a. Yanzu ga mutum ashirin da huɗu a ciki, ga buƙatunku a gaɓa, kowane buhu mutum ɗaya ne. Duk abin da aka rubuta zan yi shi, ban isa in goge maganar manya ba. Sai dai in buhu ya shiga, mutum zai fita. Ni ba ni da bakin zaɓa. Mai buhu shi zai faɗi wanda zai sauka, da bakinsa. Alhaji, kai ne shugaba, da kai za a fara. Naka tara ne."

Alhaji Ɗantsoho ya tako gaba yana baza riga, ya ɗaga hannu zai fara nuni. Sai hannun ya tsaya a sama. A bencin farko, daidai inda bijimansa za su tsaya, surukarsa ce zaune, mahaifiyar uwargidansa, tsohuwar da shekara talatin da biyar bai taɓa haɗa ido da ita ba, bai taɓa kiran sunanta ba, in ya hango ta a hanya sai ya ratse ta cikin gonar mutane. Nan take ya tuɓe takalmi ya durƙusa a cikin taɓo. Sai a lokacin na dubi jirgin da kyau. Surukin Malam Zakiyyu yana ciki. Surukar maigari tana ciki. A benci na uku kuwa ga tawa surukar, wadda ba zan rubuta sunanta a nan ba. Maharazu ya tattaro surukan kwamiti kaf ya ɗora a kan ruwa.

Alhaji ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Ya sunkuyar da kai ya nuna can gefe da haɓa, wajen wata tsohuwa da ba ta haɗa komai da shi ba. Sai surukarsa ta yi magana, ba da shi ba, da iska: "Wannan tare muka zo. Ku ce wa mai shanu in wurin sa ake nema ba sai an wahalar da kowa ba, ni sai in sauka. Ai na saba tafiyar ƙasa." Ta dafa benci za ta miƙe.

Alhaji ya zabura yana daga durƙushe. "A'a! A'a! Wa ya ce shanu? Shanu ai da ƙafa huɗu Allah ya halicce su, su zagaya mana! Malam Jafaru, wa ya sa ka rubuta wannan shirme?"

Ni da aka ja har turke na auna ƙaho. Na buɗe baki zan yi magana, Maharazu ya miƙo jan biro ta kaina ya ba Alhaji. Alhaji ya karɓi littafin ya soke layinsa da hannunsa har biron ya huda takarda.

Malam Zakiyyu buhu huɗu gare shi. Surukinsa tsohon makiyayi ne, kunnensa ya yi nauyi, sai tambaya yake da ƙarfi, "Me ake jira ne? Ba za a tashi ba?" Malam ya yi gyaran murya, ya shafa gemu, ya ce da ya sake nazari ya ga tafiyar minti goma sha biyu ba ta kai a gina mata dandamali ba, mutum ya yi sallarsa a gaɓa kafin ya hau, kuma labulen yadi ya wadatar. Butoci shida suka koma buta ɗaya ta roba. Maigari bai jira an kira shi ba, ya aiko a karɓo masa biron, ya ce shi dama ya faɗi nasa ne don ya gwada hankalin kwamiti. Masu fura suka ce cinyarsu ta fi kowace kanta sanin gindin ƙwarya. Mai kaji da mai zabi suka soke nasu a tare, abin da ya zama karo na farko da suka yarda da juna a kan wani abu.

Da aka zo kaina Maharazu ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Malam Jafaru, akwati da tebur, buhu ɗaya. Wa za a sauke?" Surukata ta ɗaga kai tana kallon sama kamar mai duba hadari a tsakiyar rani. Na soke, na ce masa a hankali, "Allah ya isa goron da ka raba." Ya ce, "Amin, taubashi."

Kafin azahar buhu talatin da ɗaya sun koma abin da mutum ɗaya zai ɗauka a ka: rigunan hana nutsewa, tamfol na inuwa, labule, buta, da bokitin kwashe ruwa. Ba wanda aka ce wa a'a, kowa da hannunsa ya soke. Ina cikin jin daɗi, ina cewa a raina yau taubashina ya nuna musu aikin shekara talatin, sai na ji sanda ta taɓa mini ƙafa.

Inna Maiturare ce, ungozomar garinmu, wadda ta yanke cibiyar rabin mutanen da ke tsaye a wurin. Ta haura tamanin. Ban je gidanta da littafi ba, don in ka shiga gidanta da safe sai la'asar za ka fito, kuma da faɗa za a rako ka.

Ta ce, "Jafaru, littafinka bai san hanyar gidana ba ko?"

Na fara kame-kame. Ba ta saurare ni ba, ta juya wajen ruwa. "Kai Maharazu. Duk waɗannan a zaune suke ƙetarewa. Ni kuwa nawa mutanen a kwance suke ƙetarewa. Bara a gaɓar nan na riƙe yarinya ƙarƙashin amalanke, ana ruwa, haihuwa ta gardama, kwale-kwale babu wurin shimfiɗa ta. Allah ya yi da sauran kwananta, ɗan ne bai zo da rai ba. Ni ban san awo ba. Tabarma ɗaya nake so, inda mutum zai miƙe."

 Maharazu ya ciro tef ya auna tsakanin bencina, bai kai ba. Ya ce bencinan su ne haƙarƙarin jirgin, in aka cire ɗaya mutum shida sun rasa wuri kuma jirgin ya yi rauni. Inna Maiturare ta tako har bakin ruwa, ta miƙa sandarta can baya ta zunguri abin da ke lulluɓe. "Nan fa? Ai ga fili."

 Mahdi masunci, wanda shi zai riƙa tuƙi, ya kwance igiyar ya yaye bargon. Kujerar ce, tana ƙyalli, an ɗaure ta da ƙusoshi huɗu masu noti a daidai wurin da tabarma za ta shiga.

Inna ta ce, "Wannan buhun wa? Ban ji an kira shi ba."

Alhaji Ɗantsoho, da taɓo har gwiwa, ya ji rana ta fito masa. Ya ce, "Kyaftin, wa za a sauke?" Gari ya kwashe da dariya, har tsofaffin cikin jirgi. Ni ban yi ba. Na yi maza na ce ai kujerar matuƙi ce, dole ne jirgi ya samu matuƙi. Mahdi, bawan Allah marar wayo, ya ce, "A'a Malam, ni a kan katako nake zama a gindin inji." Na ji kamar in tura shi ruwa.

Na shiga ruwan da rigata na je kusa da Maharazu, na yi ƙasa da murya. "Ga ruwa a ƙarƙashinta. Hau ka zauna ko na minti ɗaya ne, Mahdi ya zagaya da kai, sannan a cire. Ba wanda zai ce komai."

Ya daɗe yana kallon kujerar. Ya ce, "In na zauna, Jafaru, ba zan cire ba. Na san kaina. Zan samo dalili, dalilin kuma zai yi kyau, na ji irinsa shekara talatin. Miƙo mini sifanar kwance noti."

Ya kama gefen jirgin ya hau. Wannan shi ne karon farko a rayuwarsa da ya hau jirgi a kan ruwa, kuma a durƙushe ya yi shi, yana kwance noti. Da ya gama ya miƙa wa Inna jan biron ya ce ta rubuta buƙatarta. Ta ce ita ba ta iya boko ba, kuma ba ta ga abin rubutawa a tabarma ba.

Kujerar ba ta koma zaure ba. Bayan kwana biyu na ga ya kafa ta da siminti a gaɓa, kusa da gindin gawon da ake jiran jirgi, can nesa da ruwa a kan busasshiyar ƙasa. Damina ta faɗi, jirgi ya fara aiki, kullum yana tsaye a gefen kujerar yana ƙirga masu hawa, in an kai ashirin da huɗu ko maigari ne ya zo sai ya jira sawu na gaba. Bai zauna ba. Na ɗauka ya haƙura ke nan, abin kuma yana ci mini rai duk lokacin da na wuce.

Wata safiya a tsakiyar watan Agusta, bayan an kwana biyu ana ruwa, na sauko gaɓa zan ƙetara Baure. Jirgin ya riga ya tashi, na hango Inna Maiturare a baya ta yi tagumi a kan wata da ke kwance a tabarma, labule ya kare su rabi. Ruwan madatsa ya cika ya bazu har ya wuce gindin gawo. A jikin itacen na ga wani ɗan jan layi da ban taɓa lura da shi ba, daidai inda ruwan bara ya tsaya. Ashe da tef ya auna wurin da ya kafa kujerar.

Yana zaune a kanta. Ya naɗe wando, ruwa ya rufe masa idon sawu, ya ɗora hannuwa biyu a kan hannuwan kujera, ya miƙe baya, idonsa a kan jirgin. Na taho da maganganun tsokana kusan biyar a bakina, duk suka gudu. Na ce, "Kyaftin, ya teku?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Ya tashi, ya kai su. Saura ya dawo."

Na tuɓe takalmina na shiga ruwan na tsaya a gefensa, muka jira.